Yadda bakteriyar ruwan rafi da rijiya ke sauya hali idan yanayi ya sauya: bayani daga ruwan Suleja

Duk wanda ya taɓa wanke randa ya san yauƙin nan da ke manne a cikinta bayan 'yan kwanaki, ko da kuwa ruwan da aka zuba garai-garai yake. Wannan yauƙi gini ne da bakteriya ke yi domin su fake a ciki, kuma ɗaya ne daga cikin dabarun da waɗannan halittu ke bi su rayu a ruwan da yanayinsa ba ya tsayawa wuri guda. Sanin dabarun yana bayyana dalilin da ya sa kwalara ke ɓacewa na watanni sannan ta dawo da saukar damina, da dalilin da ya sa wasu magunguna ke rasa ƙarfinsu, da kuma abin da ya sa tsabtar ruwa a ido ba ta isa shaida ba.

Mece ce bakteriya?

Bakteriya halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya tal. Tsawon yawancinsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba, don haka ba a ganinsu sai da madubin ƙara girman abubuwa. A mililita ɗaya na ruwan kogi ko tafki akan sami kimanin miliyan ɗaya daga cikinsu, wato miliyan biyar a ƙaramin cokalin shayi. Mafi yawansu ba sa cutar da mutum. Su ne ke ruɓar da ganye da gawar dabbobi, su mayar da sinadaran jikinsu cikin ruwa domin tsirrai da kifaye su amfana. Kaɗan ne daga cikinsu ke haddasa cututtuka irin su kwalara, taifot da atuni.

Jikin bakteriya yana da sassa uku da suka shafi wannan bayani. Akwai tantanin da ya kewaye ta, wanda aka yi shi da maiƙo, mai ƙananan ƙofofin shiga da fita. Akwai DNA, zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, wato umarnin gina jiki da tafiyar da shi. Sai kuma furotin iri-iri, waɗanda su ne ma'aikatan da ake ƙerawa bisa wancan umarni. Ana kwafo umarnin daga DNA zuwa wani ɗan saƙo mai suna RNA, daga saƙon ne kuma ake haɗa furotin. Duk wani sauyin hali da bakteriya ke yi a ɗaya daga cikin waɗannan wurare yake faruwa.

Shekara guda a ruwan Suleja

Garin Suleja, wanda Abu Ja ya kafa a 1828, kuma ya riƙe sunan Abuja har zuwa lokacin da aka ba sabon babban birnin tarayya sunan bayan 1976, yana zaune ne a gaɓar kogin Iku. Jama'ar garin da na kewayensa, irin su Madalla, Kwamba da Maje, suna samun ruwa daga famfo, rijiyoyin burtsatse, rijiyoyin gida, 'yan garuwa da rafuka.

Ruwan irin wannan yanki yana shiga hali huɗu a shekara. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba damina ce: kogi ya cika, ruwa ya gurɓace da laka, kuma kwararar ruwan sama ta kwaso taki daga gonaki da ƙazanta daga magudanai ta zuba a ciki. Wani lokaci abin kan kai ga ambaliya, kamar yadda aka gani a Suleja a watan Yulin 2017. Da kaka ruwa ya fara ja da baya yana kwantawa. A Disamba da Janairu hunturu ya sanyaya shi, musamman da asuba. Daga Fabrairu zuwa Maris kuwa zafi ya ƙaru, rafuka su tsinke su koma kududdufai, kuma gishiri da sauran sinadaran da ke narke a ciki su yi kauri saboda ruwan yana ƙafewa.

Bakteriya ba ta da ikon yin ƙaura mai nisa domin guje wa waɗannan sauye-sauye. Tana fuskantarsu ne a matakai uku: abin da take yi cikin ƙiftawar ido, abin da take yi cikin mintoci ko sa'o'i ta hanyar kunna wasu ƙwayoyin gado da kashe wasu, da kuma sauyin gadon kansa, wanda ke wucewa zuwa zuriya.

Saukar ruwan sama da ƙafewar rafi

Ruwa yana ratsa tantani ne daga ɓangaren da narkakkun sinadarai suka yi ƙaranci zuwa ɓangaren da suka fi yawa. Shi ya sa naman da aka barbaɗa wa gishiri yake tsatsar da ruwa. Idan ruwan sama na farko ya sauka a kududdufin da ya yi kauri, ruwan da ke wajen bakteriya zai tsinke nan take, sai ya yi ta kwarara cikinta, ta kumbura har ta kusa fashewa.

Abin da ke ceton ta wasu ƙofofin gaggawa ne da ke jikin tantanin, waɗanda masana suka raɗa wa suna MscL da MscS. Miƙewar da tantanin ya yi ita ce ke buɗe su, cikin ƙasa da sakan ɗaya, su zubar da wani ɓangare na sinadaran ciki har matsin ya sauka. A 1994 ne aka gano ƙwayar gadon MscL a Jami'ar Wisconsin ta Amurka. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa bakteriyar E. coli da aka cire wa ƙofofin biyu fashewa take yi idan aka tsoma ta farat ɗaya a ruwa marar gishiri.

Da rani kuwa akasin haka ne. Ruwan waje ya fi kauri, don haka yana zuƙe na cikin bakteriya. Matakinta na farko shi ne ta jawo sinadarin fotasiyam da yawa zuwa ciki. Daga baya sai ta maye gurbinsa da wasu sinadarai da ba sa hana furotin aiki ko da sun taru, kamar wani nau'in sukari mai suna tirehalos. Tana kuma sauya girman ƙofofin fatarta ta waje. A jikin E. coli akwai wani furotin mai gadi, EnvZ, da ke jin kaurin ruwa, ya miƙa wa abokin aikinsa OmpR saƙo ta hanyar liƙa masa ɗan sinadarin fosfet. Shi kuma OmpR ya hau kan DNA ya rage ƙera faffaɗar ƙofa OmpF, ya ƙara ƙera matsattsiya OmpC. Irin wannan tsari na mai gadi da ɗan aike shi ne babbar hanyar da bakteriya ke sanin halin da duniyar waje take ciki, kuma E. coli kaɗai tana da kimanin 30 irinsa.

Hunturu da bazara

Tunanin cewa ana kunna ƙwayar gado ana kuma kashe ta gwargwadon buƙata ya samo asali ne daga aikin masanan Faransa biyu, François Jacob da Jacques Monod, waɗanda suka wallafa shi a 1961, suka kuma sami kyautar Nobel a 1965. Sauyin zafi da sanyi yana cikin wuraren da aka fi ganin wannan tsari.

Da hunturu man shanu yakan daskare a kwalba, alhali man gyaɗa na nan a narke. Bambancin yana cikin siffar maiƙon: na man shanu miƙaƙƙe ne mai saurin haɗewa, na gyaɗa kuwa yana da lanƙwasa. Tantanin bakteriya ma yana iya daskarewa da sanyi, ƙofofinsa su daina aiki. Saboda haka idan ruwa ya yi sanyi, sai ta ƙara yawan maiƙo mai lanƙwasa a tantanin, idan zafi ya dawo ta rage shi. Tana kuma ƙera wasu furotin na sanyi, irin su CspA, masu warware saƙon RNA idan ya cukurkuɗe.

Zafi kuwa furotin yake lalatawa, kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa a wuta. Maganin wannan shi ne wasu furotin masu gyara, DnaK da GroEL, waɗanda ke riƙe furotin da ya fara warwarewa su mayar da shi siffarsa. Cikin mintoci kaɗan da tashin zafi yawansu yake ninkawa.

Ƙwayar kwalara, mai suna Vibrio cholerae, tana amfani da zafi wajen gane inda take. Saƙon RNA na wata ƙwayar gadonta, toxT, wadda ke ba da umarnin fara yin dafi, yana naɗe ne idan tana cikin ruwa mai sanyi, ba a iya karanta shi. Idan ta shiga cikin mutum, inda zafi yake digiri 37, naɗin ya warware, umarnin ya fita. Ta haka take kauce wa ɓarnatar da ƙarfinta wajen yin dafi a rafi, inda babu wanda za ta harba.

Yunwa da dogon barci

A ɗakin gwaji, inda abinci yake a wadace, E. coli tana rabuwa biyu duk minti 20. A kogi da rijiya abinci kaɗan ne, kuma yawancin rayuwar bakteriya a yunwa take ƙarewa. Idan abinci ya yanke, sai ta haɗa wani ɗan sinadarin gargaɗi, ppGpp, wanda Michael Cashel da Jonathan Gallant suka gano a 1969. Shi ne ke dakatar da girma da hayayyafa, ya karkatar da ƙarfin da ya rage zuwa tsaron kai. Wani furotin, RpoS, yana kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado na juriya lokaci guda. Sakamakon haka, bakteriyar da ta sha yunwa ta fi ƙosasshiya jure zafi, tsami da wasu sinadaran kashe ƙwayoyin cuta.

Fosfet yana cikin abubuwan da suka fi ƙaranci a ruwan da ba na teku ba. Idan ya yi ƙasa, wani mai gadi da ɗan aikensa, PhoR da PhoB, sukan sa a ƙera famfunan zuƙo shi masu ƙarfi, da wani furotin da ke ɓanɓaro shi daga ruɓaɓɓun abubuwa. Wata bakteriyar ruwa mai suna Caulobacter, wadda ke manne wa duwatsu da bututu, wutsiyar da take mannewa da ita kan yi tsawo ninki da yawa idan fosfet ya yi ƙaranci.

Idan wuya ta yi wuya, wasu nau'o'in sukan shiga wani irin dogon barci. Jikinsu ya ƙanƙance, aikinsu ya ragu ƙwarai, ba sa tsirowa idan an shuka su a farantin gwaji, amma da ransu. Masaniyar Amurka Rita Colwell da abokan aikinta ne suka bayyana wannan hali a 1982, a jikin ƙwayar kwalara da E. coli. Muhimmancin binciken shi ne, gwajin ruwa na gargajiya, wanda ya dogara da shuka ƙwayoyin, yana iya tsallake su.

Yauƙi: garin bakteriya

Suleja ta shahara da ginin tukwane. A nan ne Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da wannan sana'a a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta yi suna. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne saboda jikinsu na tsatsa. Sai dai bangon kowane mazubi, na ƙasa ne ko na roba, jarka ko tankin sama, wurin zama ne ga bakteriya idan aka daɗe ba a wanke ba.

Idan bakteriya mai iyo ta sami wurin mannewa, wani sinadarin cikinta, c-di-GMP, yana ƙaruwa. Shi ke tsayar da bulalar da take iyo da ita, ya kunna ƙwayoyin gadon da ke fitar da wani danƙo na sukari da furotin. Cikin wannan danƙo dubbai ke taruwa, bushewa ba ta saurin kama su, ƙananan halittun da ke cin su ba sa iya haɗiye su, sinadarin kilorin kuma yana wahalar ratsawa zuwa can ciki. Akwai wani nau'in ƙwayar kwalara mai yawan fitar da danƙon, wanda gwaji ya nuna yana tsira daga adadin kilorin da ke kashe 'yan'uwansa.

Mazauna yauƙi suna ƙidaya kansu. Kowace tana sakin wani sinadari kaɗan-kaɗan, kuma idan ya taru ya kai wani mizani, sai duk su gane sun yi yawa, su sauya hali tare. An fara gano wannan a 1970 a jikin wata bakteriyar teku mai walƙiya. Ita ƙwayar kwalara, idan ta ji taron ya cika, daina yin danƙo da dafi take yi ta watse. A cikin hanjin majiyyaci wannan shi ne lokacin da take fita tare da gudawa. Bincike ya nuna cewa waɗanda suka fito daga cikin mutum sun fi na rafi saurin harbi na tsawon wasu sa'o'i, abin da ke taimakawa wajen bayyana yadda cutar ke bin mutanen gida ɗaya da gaggawa.

Aron gado

Duk abin da aka ambata a sama amfani ne da ƙwayoyin gadon da bakteriya ta riga ta mallaka. Mataki na uku shi ne samun sababbi. Kuskuren kwafin DNA yana haifar da 'ya'ya masu ɗan bambanci, kuma yanayi ne ke zaɓar wanda zai rayu. Bayan haka, bakteriya tana karɓar gado daga wadda ba ta haife ta ba, ta hanyoyi uku: ta tsinci DNA da ya zube a ruwa, ko wata ta miƙa mata ta wani siririn bututu idan sun haɗa jiki, ko kuma bairos mai harbin bakteriya ya kawo mata.

Kwalara kanta misali ce. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna cewa ƙwayoyin gadon dafin kwalara na wani bairos ne da ya shige cikin DNA na bakteriyar ya zauna. Akwai nau'o'in Vibrio cholerae sama da 200, amma biyu ne kawai, O1 da O139, ke haddasa annoba. A 2005 kuma masana a Jami'ar Stanford suka gano cewa idan ƙwayar ta zauna a kan ɓawon ƙananan halittun ruwa dangin jatan lande, sinadarin ɓawon yana sa ta fara tsintar DNA daga kewayenta. Asalin mazauninta shi ne bakin teku, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na gishiri, amma tana rayuwa a ruwan rafi idan yana da ɗumi kuma yana ɗauke da ƙazantar da za ta ci.

Annobar kwalara ta bakwai a duniya ta fara a tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, kuma tun daga lokacin take dawowa Nijeriya. A 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙidaya mutum sama da 110,000 da ake zaton sun kamu, kimanin 3,600 kuma suka rasu. Jihar Neja tana cikin jihohin da abin ya shafa.

Ta wannan hanya ta aro ne juriyar magani ke yaɗuwa. An gano wani yanki na DNA mai suna SXT a jikin ƙwayar kwalarar da ta ɓulla a Indiya a farkon shekarun 1990, wanda ke ɗauke da kariya daga magunguna da yawa, kuma yana tsallakawa daga bakteriya zuwa wata. Binciken da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa wasu magungunan, irin su sifurofuloksasin, suna ƙara saurin wannan tsallake, domin rauni da suke yi wa DNA shi ke tayar da shi. Ragowar maganin da ke fita ta fitsari da bayan gidan mutane, kaji da dabbobi, idan ta isa rafi, ba ta da ƙarfin kashe bakteriya duka, amma tana iya fifita masu juriya a kan sauran. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu jure magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Koren ruwa a madatsa

Wani rukunin da ya kamata a sani shi ne bakteriya masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsirrai, waɗanda ake ɗauka gansakuka ce idan sun rufe saman tafki. Wata daga cikinsu, Microcystis, tana da ƙananan jakunkunan iska a jikinta, da su take tasowa sama neman haske, ta nutse idan abincin da ta tara ya yi mata nauyi. Takin zamani da ƙazantar da ke shiga ruwa mai ɗumi da ba ya gudu su ne ke sa su yi yawa. Wasunsu suna fitar da dafi mai lalata hanta. A 1996, a garin Caruaru na Barazil, sama da mutum 50 masu wankin ƙoda suka rasu bayan an yi musu aiki da ruwan da ke ɗauke da shi. Tafasa ruwa ba ta lalata wannan dafi, don haka ruwan da ya yi koren yauƙi a sama bai dace mutum ko dabba su sha ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai ɗebo ruwa

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami E. coli ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha, domin samunta alama ce ta cewa bayan gida ya shiga ruwan. Game da kilorin, hukumar ta ba da shawarar a bar shi ya yi aiki na aƙalla minti 30. Laka tana cinye ƙarfinsa, tana kuma ɓoye ƙwayoyin, shi ya sa ruwan damina ke buƙatar a bar shi ya kwanta ko a sa masa alif, a tace, kafin a zuba magani. Tafasawa har ruwa ya yi ta ɓulɓula tana kashe bakteriya, masu barci da na cikin yauƙi baki ɗaya.

Tacewa da ƙyalle ma tana da amfaninta. A wani gwaji da Colwell ta jagoranta a ƙauyuka 65 na Bangaladash, wanda aka wallafa a 2003, tace ruwa da tsohon zanen mata da aka ninka sau huɗu ya rage kamuwa da kwalara da kashi 48 cikin 100, saboda ƙyallen yana tare ƙananan halittun da ƙwayar ke manne wa. Dangin waɗannan halittu ne ke ɗauke da tsutsar kurkunu, kuma matatar ƙyalle tana cikin makaman da aka yi amfani da su har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da cutar. Sai dai ƙyalle ba ya tare bakteriyar da ke iyo ita kaɗai, don haka ba ya maye gurbin tafasawa ko kilorin.

Tunda yauƙi a jikin bango yake zama, ɗauraye randa ko jarka ba ya fitar da shi, sai an goge da soso da sabulu. Mazubi mai murfi, da moɗa guda da ba a ajiye ta a ƙasa, suna hana a sake gurɓata ruwan da aka riga aka tsabtace. A unguwannin da gidaje suka matsu, nisan rijiya da masai da kuma ɗaga bakin rijiya sama da inda ambaliya ke kaiwa su ne kariya ta farko, kuma aikin ya fi sauƙi a watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka.